RUWAN BATIR: HALINSA, DA YADDA A KE AJIYE SHI DA ƊAUKARSA

Hausawa sun ce sanin hali ya fi sanin kama. Ga wani abu da zai nuna mana gaskiyar wannan magana. A ce an ajiye kwalabe biyu a gabanka, ɗaya da ruwan rijiya, ɗaya da ruwan batir. Dukansu garau su ke, ba launi, ba wari. Ko ka ɗaga su ka duba a rana, ba ka iya rarrabe su da ido. Amma na farko in ka sha sai ya kashe maka ƙishirwa, na biyu kuwa in ka kurɓa sai ya ƙone maka maƙogwaro, watakila ma ya zama ajalinka.

A da ba kowa ke gamuwa da wannan ruwa ba, sai direbobi da makanikai. Yanzu kuwa ya shiga ko'ina. Yana cikin batirin mota da na babur. Yana cikin da yawa daga manyan baturan nan da a ke haɗawa da farantin hasken rana don a sami wuta da dare, har a ƙauyuka. Ana sayar da shi a jarka cikin kasuwa, ana wucewa da shi a tanka bisa hanya. Saboda haka ya wajaba kowane magidanci ya san halinsa, ko da ba sana'arsa ba ce, gama ba a san ranar da za a gamu da shi ba.

MENE NE SHI?

Kowa ya san tsami. Akwai shi cikin lemon tsami, da tsamiya, da nonon da ya kwana. An ce ruwa ba ya tsami banza, haka ne kuwa, akwai abin da ke kawo tsamin. Masana suna kiran wannan abu asid. Asid iri iri ne. Wani mai sauƙin hali ne, har muna sa shi a kunu. Wani kuwa mugu ne, yana cin fata da tufa da ƙarfe. Wanda ke cikin batir yana daga cikin mugayen. Turawa suna ce da shi salfurik asid, watau asid na farar wuta.

Ga yadda a ke yinsa a taƙaice. A kan ƙona farar wuta, a bi da hayaƙinta ta cikin wani ɗaki mai tsananin zafi inda ya ke ƙara haɗuwa da iska, sa'an nan a tare shi, a mai da shi ruwa. A shekara ta 1746 wani mutumin Ingila mai suna John Roebuck ya fara yinsa da yawa a birnin Birmingham, cikin ɗakunan da aka shimfiɗe da darma, domin tulunan gilas da a ke amfani da su kafin nan ƙanana ne, ga saurin fashewa. A 1831 wani kuma, Peregrine Phillips, ya fito da dabarar da ta zama tushen yadda a ke yinsa yau. Batiri mai darma da asid kuwa wani Bafaranshe ne, Gaston Planté, ya ƙago shi a 1859.

Kada ku zaci batir kaɗai ne aikinsa, wannan ɗan kaɗan ne daga ciki. A shekara guda ana yin fiye da tan miliyan 250 a duniya, fiye da rabinsa kuwa wajen yin takin zamani ya ke tafiya. Takin nan supa da manoma ke sa wa gyaɗa, da shi a ke narkar da dutsen da a ke yinsa. Ana amfani da shi wajen tace man fetur, da wanke ƙarfe, da fid da ma'adinai daga dutse, kamar yadda aka yi ta yi a Arlit ta ƙasar Nijar tun da aka fara fid da yuraniyom can a 1971. Ashe ba abin da za a rabu da shi ba ne. Kamar wuta ya ke, bawa ne nagari in an tsare shi, in an sake masa kuwa ya cinye gida.

Iri biyu za ku gamu da su. Akwai tsantsa, wanda kashi 98 cikin 100 asid ne. Shi wannan yana da kauri, yana zuba a hankali kamar man gyaɗa. Akwai kuma sirkakke, irin na cikin batir, wanda wajen sulusinsa ne asid, saura ruwa. Kada kalmar sirkakke ta ruɗe ku. Shi ma yana huda riga, yana ƙona fata, yana makantar da ido.

HALAYENSA UKU

Duk dokokin da za mu faɗa nan gaba daga halaye uku su ka fito. Wanda ya gane ukun nan, ko ya manta da doka, hankalinsa zai tuna masa.

Hali na farko, ƙishirwa. Ba abin da asid tsantsa ke nema kamar ruwa. In ka bar bakin kwalbarsa a buɗe, sai ya yi ta zuƙar laima daga iska, har wata rana ka tarar ya ƙaru ya tumbatsa. In bai sami ruwa a fili ba, sai ya fizge shi daga jikin abin da ya taɓa. Malaman makaranta su kan nuna wa yara wannan da sukari. In aka zuba masa tsantsa, sai ka ga farin sukari ya yi ja, ya yi baƙi, ya kumbura yana tururi, ya zama gawayi. Abin da ya ke yi wa sukari shi ya ke yi wa takarda, da itace, da rigar auduga, da naman mutum. Ban da wannan kuma, duk sa'ad da ya gamu da ruwa sai zafi mai tsanani ya tashi, har ya kan wuce zafin tafasa.

Hali na biyu, nauyi. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, amma lita guda ta tsantsa ta kusa kilo biyu. Jarkar da ke cin lita 20, in ruwa ne cikinta kilo 20 ke nan, in asid tsantsa ne kuwa wajen kilo 37. Duro mai lita 200 ya haura kilo 360. Mutum ya kan ga jarka ya sunkuya ya ɗauka kamar yadda ya saba, sai nauyi ya ba shi mamaki, ta kuɓuce.

Hali na uku, cin ƙarfe. A nan akwai abin al'ajabi. Kowa zai zaci tsantsa ya fi cin ƙarfe, amma ba haka ba ne. In aka zuba tsantsa cikin tankin baƙin ƙarfe, sai ya ɗan ci fuskar ƙarfen, abin da ya ci ya zama wani ɓawo siriri ya lulluɓe tankin daga ciki, cin ya ragu ƙwarai. Don haka ne masana'antu ke ajiye shi cikin tankunan ƙarfe. Amma da zarar ruwa ya shiga ya sirka shi, ɓawon nan ya narke, sai ya kama cin ƙarfe ba ƙaƙƙautawa. Yana cin ƙarfen kuwa yana fid da wata iska da a ke kira haidirojin. Ba a ganinta, ba a jin warinta, amma in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsi guda ya isa ta kama. Shi kansa asid ba ya cin wuta, iskar da ya ke haifarwa ita ce abin tsoro.

YADDA A KE SIRKA SHI

Masu gyaran batir su kan sayi tsantsa su sirka da kansu. A nan ne da yawa su ka rasa idanunsu. Doka guda ce, ku riƙe ta kamar sunanku: asid a ke zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid.

Ga dalili. Kun taɓa ganin mai tuyar ƙosai sa'ad da ɗigon ruwa ya faɗa cikin tafasasshen mai? Kun ga yadda man ke fallatsa? To, haka ya ke faruwa. In ka zuba ruwa bisa tsantsa, ruwan ba ya nitsewa, domin asid ya fi shi nauyi. Sai ya tsaya a sama, zafin duka ya taru a wuri guda, ɗan ruwan nan ya tafasa nan take, ya yi tsalle da asid zuwa fuskarka. Amma in ruwa ne mai yawa a ƙasa, kana zuba asid a hankali, sai asid ya nitse, zafin ya rarrabu cikin ruwan duka.

Ka fara auna ruwa mai sanyi cikin mazubin roba mai kauri. Kada ka yi cikin bokitin kwano ko tukunyar alminiyam, zai ci su. Kada kuma ka yi cikin kwalba, zafi zai iya tsaga ta. Ka zuba asid kaɗan kaɗan ta gefen mazubi, kana motsawa da sandar roba ko ta gilas. In ka ji mazubin ya ɗau zafi, ka dakata ya huce. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga wani kuskure da ya yawaita. In ruwan cikin batir ya ragu, ba asid ne ya tafi ba, ruwa ne ya ƙafe. Saboda haka ruwa za ka ƙara, ba asid ba. Ba kuwa ruwan rijiya ba, domin gishirin da ke cikinsa yana ɓata batir, sai tataccen ruwa wanda aka tafasa aka tare tururinsa. Ku lura, a kasuwa da wannan tataccen ruwa da asid ɗin duka ruwan batir a ke ce musu. In za ka saya, ka tambaya sosai wanne aka ba ka.

WURIN AJIYA

Abu na farko mazubi. Gilas yana jure asid, amma yana fashewa. Shi ya sa a zamanin da a kan sa manyan tulunan gilas cikin kwando, a cusa ciyawa kewaye da su. Yanzu jarkar roba mai kauri wadda aka yi musamman dominsa ita ce a ke amfani da ita. Ka bar shi cikin mazubin da ya zo da shi. Robar ruwan sha ba ta jure tsantsa, ya kan cinye ta.

Akwai wani dalilin da ya fi wannan girma. Kada ka kuskura ka zuba asid cikin kwalbar lemo, ko robar ruwan sha, ko buta, ko da na yini guda ne. Kai ka san abin da ke ciki, amma yaron da ya dawo daga wasa da ƙishirwa bai sani ba. Baƙon da ya ga buta ya ɗauka zai yi alwala bai sani ba. Asid in ya bi maƙogwaro ya kan ƙone hanyar abinci, in mutum ya rayu ma hanyar ta kan tsuke, ya yi shekaru haɗiya tana gagararsa.

Kai da Allah ya ba ka sanin karatu, ga inda zai yi maka rana. Ka rubuta bisa kowace jarka da manyan baƙaƙe: ASID, YANA ƘONA JIKI. Ka rubuta da boko, ka rubuta da ajami, ka kuma yi wata alama da jan fenti saboda wanda bai iya ko ɗaya ba. Sa'an nan ka tara iyalinka da yaran shagonka ka nuna musu da baki.

Ɗakin ajiya ya zama mai sanyi, mai shan iska, inda rana ba ta bugun jarka, ruwan sama kuma ba ya ɗiga. A ajiye a ƙasa, kada a ɗora bisa kanta, domin abin da ya fi idonka tsawo in ya zube fuskarka zai fara samu. A dasa jarkar cikin wani babban bahon roba, don in ta yi yoyo bahon ya tare. Masu manyan tankuna su kan kewaye su da gajeriyar katanga wadda za ta iya riƙe duk abin da ke cikin tankin har da ragowar wuri, su shafe daɓen da abin da asid ba ya ci, gama yana cin siminti. A toshe murfi sosai kowane lokaci. A sa wa ɗakin kwaɗo, mabuɗi a hannun mutum guda, saboda yara, da kuma mugayen da ke neman asid don su watsa wa bayin Allah.

Akwai abubuwan da ba su kwana ɗaki guda da shi. Na farko abinci da hatsi. Na biyu fetur, da kananzir, da tsumma, da garin katako. Na uku sodar da a ke yin sabulu da ita, domin in su ka haɗu su kan tafasa su fallatsa. Na huɗu bilic, ruwan nan mai faranta tufafi. In asid ya gamu da shi sai wata iska mai guba ta tashi, wadda ke shaƙe mutum ta ƙone masa huhu.

Ɗakin da a ke cajin batura kuwa lalle ya kasance da taga a sama a buɗe, domin batir yana fid da haidirojin sa'ad da ya ke shan caji, ita kuwa sama ta ke tashi. Ba a shan taba a ciki. Ba a ƙyasta ashana don a leƙa ramin batir. A kashe na'urar caji tukuna kafin a cire waya. Duron da aka taɓa zuba asid, ko ya yi shekara ba kome ciki, kada a kai wa mai walda ya yanka da wuta, kada kuma a mai da shi na ruwan sha.

ƊAUKA DA TAFIYA DA SHI

Kafin ka ɗaga jarka ka duba murfinta, ka duba gindinta. Ba a ɗaukar asid a ka, ba a saɓa shi a kafaɗa, ba a rungume shi a ƙirji. In da baro a sa a baro, in babu mutum biyu su kama. Ba a cika jarka har baki, a kan bar ɗan wuri, domin zafin rana yana sa ruwa ya kumbura. Cikin mota a tsai da ita a tsaye, murfi sama, a ɗaure ta tamau, a bayan mota inda ba mutane, nesa da buhunan abinci. Wanda ya ɗora jarkar asid bisa tankin babur tsakanin cinyoyinsa, ya sayar da ransa da araha. In za a juye daga duro, a yi da famfo na roba da mazurari. Kada a zuƙo da baki ta tiyo kamar yadda waɗansu ke yi wa fetur.

Ga wani labari da ke nuna aikin nauyin nan. Ran 13 ga Janairu, 2011, wani jirgin ruwa mai suna Waldhof yana tafe cikin kogin Rhine a ƙasar Jamus, ɗauke da wajen tan 2,400 na asid tsantsa. Saboda nauyin asid ba a cika tankunansa ba, kowanne an bar shi da sauran wuri mai yawa. Da jirgin ya zo wata kwana mai ƙarfin igiya sai ya karkata, asid ya kwaranya gefe guda, jirgin ya kife. Cikin ma'aikata huɗu, biyu kaɗai aka ceto. Bayan haka ruwan kogi ya shiga tankunan ya sirka asid, haidirojin ta taru a ciki, har masu aikin ceto su ka sha wahala kafin su iya taɓa jirgin. An yi wajen wata guda zirga-zirgar jirage ba ta koma daidai ba. Duk wanda ya taɓa ɗaukar rabin tulun ruwa ya san yadda ya ke tangaɗi. Don haka direban tanka ba ya shan kwana da gudu, ba ya taka birki farat ɗaya.

Ƙasashen duniya sun yarda da alama guda da a ke mannawa bisa irin wannan kaya, ya kamata ku san ta. Murabba'i ce a tsaye bisa kusurwarta. Rabinta na sama fari ne, da hoton kwalabe biyu, ɗaya tana ɗiga bisa hannu, ɗaya bisa sandar ƙarfe, duka biyun sun zaizaye. Rabinta na ƙasa baƙi ne, da lamba 8. A jikin tanka kuma sau da yawa za ku ga wani allo mai launin ruwan goro da lambobi. In kun ga 1830, asid ne mai ƙarfi. In kun ga 2796, sirkakke ne irin na batir.

Me ya sa mu ka damu da ku san wannan? Domin akwai wata muguwar al'ada, in tanka ta faɗi sai mutane su ruga da bokitai. A watan Oktoba na 2024, a Majiya ta Jihar Jigawa, fiye da mutum 150 su ka hallaka da tankar fetur ta kama wuta ana cikin kwasa. Ita tankar asid ba ta ma bukatar wuta. A watan Fabrairu na 2019, a lardin Lualaba na ƙasar Kwango, wata tankar asid da ke kan hanyar zuwa mahaƙar ma'adinai ta auka wa motar fasinja ta kife, asid ya malala, wajen mutum 20 su ka rasu, waɗansu da yawa su ka ƙone. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. In ka ga tanka mai lamba 8 ta faɗi, ka ja da baya, ka koma wajen tudu, ta inda iska ke busowa. Ka hana mutane da dabbobi matsowa, ka aika a kira 'yan kwana-kwana da 'yan sanda, ka gaya musu lambar da ka karanta.

KAYAN AIKI

Manomi ba ya zuwa gona ba fartanya, haka mai taɓa asid ba ya fara aiki sai da kayansa. Na farko tabarau mai rufe ido ta kowane gefe, domin fata tana warkewa, ido kuwa in ya tafi ya tafi. Na biyu safar hannu ta roba mai tsawo. Ta fata ko ta zane ba ta da amfani, shan asid ta ke yi ta manna shi a hannu. Na uku walki irin na maƙera, amma na roba. Na huɗu dogon takalmin roba, a saki ƙafar wando bisansa, kada a cusa ta ciki, don kada asid ya gangara cikin takalmi. Babbar riga mai faɗin hannu ba ta wannan aiki ba ce. Na biyar, wanda ya fi su duka, ruwa mai yawa kusa da kai, famfo ko cikakken duro da moɗa, inda za ka iya kai wa gare shi ko idonka a rufe. Kada kuma ka yi aikin kai kaɗai.

IN YA ZUBE A ƘASA

In kaɗan ne, ka buɗe ƙofa da taga, ka sa kayan aikinka, ka kewaye wurin da busasshen rairayi don kada ya yaɗu. Kada ka share da tsumma, kada ka zuba garin katako. Sa'an nan ka barbaɗa garin kanwa, ko sodar masu burodi, daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan kaɗan. Mata sun daɗe da sanin kanwa tana kashe tsami, shi ya sa su ke sa ta a miyar yakuwa. Za ka ga yana kumfa yana ƙara. Ka ci gaba har kumfar ta daina, alama ke nan ƙarfinsa ya mutu. Ka kwashe da shebur na roba, sa'an nan ka wanke wurin. Kada ka kora asid zuwa kwata, ko kududdufi, ko kusa da rijiya. In mai yawa ne, ba aikinka ba ne, ka fita ka kira masu aikin.

IN YA TAƁA MUTUM

A nan wani zai ce, ai kun gaya mana ruwa yana tayar masa da zafi, yaya za a sa ruwa? Amsa ita ce, ruwa kaɗan shi ne mai tsokanarsa, ruwa mai yawa kuwa shi ne maganinsa, domin yana kore shi ya tafi da zafin gaba ɗaya. Saboda haka kada a ɗiɗɗiga, a kwarara.

In fata ce, a fara kwarara ruwa nan take, kada a tsaya neman kowa. Ana zuba ruwa ana tuɓe tufar da ta jiƙe. In riga ce a yanke ta da almakashi, kada a cire ta ka, don kada ta shafi fuska. A cire zobe da agogo. A yi ta zuba ruwa har minti 20 ko fiye, a duba agogo, gama mai jin zafi minti biyu ma ganinsu ya ke kamar yini. Mai taimako ya tsare hannunsa. Bayan haka a rufe wurin da tsabtataccen ƙyalle, a tafi asibiti.

In ido ne, a buɗe fatar idon da yatsa ko mutum yana ƙi, a karkata kansa, a zuba ruwa daga wajen hanci ya gangara waje, don kada ya shiga ɗaya idon. Kada a murza. A ci gaba da zubawa har cikin mota.

Kada a shafa man ja, ko man shanu, ko ƙwai, ko man goge baki, ko toka. Kanwa ma ta ƙasa ce, ba ta jiki ba, in ta gamu da asid bisa fata zafi ta ke ƙarawa.

In haɗiya aka yi, kada a sa mutum ya yi amai, domin abin da ya ƙona hanya da shigarsa zai sake ƙona ta da fitarsa. Kada a ba shi jiƙon kanwa, zai cika masa ciki da iska, ciki kuwa ya riga ya raunana. Ya kurkure baki ya tofar, a garzaya da shi asibiti, a tafi da mazubin don likita ya gani. Ko ya ce ya ji sauƙi, a kai shi, ɓarnar tana ciki inda ido ba ya gani.

TSOHON BATIR

Batir in ya mutu, asid ɗinsa bai mutu ba. Ban da haka ruwan ya gauraya da darma, ita kuwa guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yara. A wata unguwa ta bayan birnin Dakar a ƙasar Senegal, inda mutane ke fasa tsofaffin batura cikin gidajensu don su sayar da darma, yara 18 su ka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008. Saboda haka kada ka fasa batir a gida, kada ka tuntsurar da ruwansa a tsakar gida, kada ka bar yara su yi wasa da shi. Ka ajiye shi a tsaye da murafunsa, ka mayar wa masu sayar da batura.

ABIN DA ZA A RIƘE

1. Asid cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba.
2. Kada a zuba shi cikin abin da a ke shan ruwa da shi.
3. Kowace jarka da rubutu, kowane ɗakin ajiya da kwaɗo.
4. Ba wuta, ba taba, kusa da batir ko duron asid.
5. Ba a ɗaukarsa a ka, ba a zuƙarsa da baki.
6. Tabarau a ido, ruwa a kusa, kafin a buɗe murfi.
7. In ya taɓa jiki, ruwa mai yawa minti 20, sa'an nan asibiti.
8. In tanka mai lamba 8 ta faɗi, a yi nesa.

To, jama'a, kun ji halin ruwan batir. Dubban mutane suna aiki da shi kowace rana har su tsufa ba tabo a jikinsu, ba don sun fi kowa sa'a ba, sai don ba su yarda sabo ya sa su raina shi ba. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa, ya kuma tashi yau ya duba ko akwai wata kwalba marar rubutu a ɗakinsa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyashe mu, amin.